Littafin Shaiha: Kwana Goma a Bakin Iyakar Adre

Da ƙaramin jirgin nan na Majalisar Ɗinkin Duniya mai jigilar ma'aikatan agaji muka tashi daga Njamena zuwa Abeshe, a farkon watan Disamba na 2024. Aikin da aka ba ni ba shi da wata sarƙaƙiya: in zagaya cibiyoyin mata da ke sansanonin 'yan gudun hijirar Sudan a gabashin Chadi, in zanta da mutane, in cike fom, in dawo in rubuta rahoto. A saman kowane fom akwai gida biyu, kuma duk wadda na yi magana da ita sai na sa mata alama a ɗaya: ko dai ma'aikaciya ce, ko kuwa mai cin gajiyar tallafi. Na ɗauko guda ɗari a jaka.

A Abeshe, babban birnin Wadai, wata 'yar Chadi ce ta tarbe ni, shugabar wata ƙaramar ƙungiyar mata da ke aiki a yankin. Kowa Madam yake ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, wayoyi biyu a hannunta kuma babu wadda ke hutawa. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ni kuma ina da Larabcin makaranta, da su muka yi ta lallaɓawa. Washegari da sassafe muka kama hanyar gabas zuwa Adre, garin da ke bakin iyakar Sudan. Hanyar ƙasa ce, ba ta kai kilomita 200 ba, amma tana cinye rabin wuni. Tana ratsa kwaruruka masu yashi da suke kira wadi. Da rani mota ta cikinsu take wucewa, da damina kuwa ruwa kan cika su cikin ɗan lokaci, manyan motocin abinci su yi kwanaki a bakin gaɓa suna jira.

Muna cikin tafiya sunayen garuruwan suka fara yi mini kama da waɗanda na sani. Abeshe, Adre, Junaina, Fashir. A bakin kakata na fara jin su, tana lissafa zangon da mahaifinta ya yi sa'ad da ya tafi Makka a ƙasa. Wannan ce tsohuwar hanyar alhazai, wadda Hausawa da Fulani da Barebari suka taka, wasu suka yi shekaru kafin su ga Ka'aba, wasu suka yada zango a Sudan har yau zuriyarsu na can. Mutanen Darfur sun ba su ruwa, sun ba su masauki. Yanzu jikokin masu masaukin ne suke biyo hanyar, fuskarsu na kallon yamma.

Mun tsaya a Farshana, sansanin da aka buɗe tun 2004, a yaƙin Darfur na farko. Wanda bai sani ba zai ɗauka ƙauye ne: ɗakunan laka, zana, itatuwan da suka girma har suna ba da inuwa. A makarantar firamare na tarar da mataimakiyar shugaba, mace ce da ba ta kai talatin ba. Tana yarinya aka shigo da ita a bayan jaki. A sansanin ta yi karatu, a nan ta yi aure, a nan ta fara koyarwa. Ta gaya mini yadda a 2014 aka sauya wa makarantun sansanonin manhaja daga ta Sudan zuwa ta Chadi, malamai suka koma ɗalibai. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Da sababbin 'yan hijira suka fara kwararowa a 2023, ita da wasu mata suka bi gida-gida suna tara tukwane da tabarmi da kayan yara, suka buɗe azuzuwa suka kwantar da masu jego da tsofaffi, suka riƙa tambayar kowace mace sunan ƙauyensu don a haɗa ta da danginta.

Ta ce, "Malama, ba mu jira motar kowa ba. Mun san abin da mace ke nema a darenta na farko, domin mun kwana irin wannan daren."

Na ciro fom. Tana da katin rabon abinci, tana kuma da aji cike maƙil da malamai a ƙarƙashinta. Na duba gidajen biyu, na bar su haka nan, na mayar da takardar jaka.

Gani ya kori ji. Kafin yaƙi Adre gari ne na mutum wajen 40,000; lokacin da na je, waɗanda suka yada zango a gefensa sun haura 200,000. Bukkokin kara da tamfol da tsummokara sun shimfiɗu har inda ido ya ƙure. Yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF, kuma Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma, kimanin kilomita 30 ne kawai daga nan. Ranar 14 ga Yunin shekarar aka kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, washegari mutane suka yo ca a kan hanya, akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit, ana harbinsu suna tafe. Cikin kwana uku asibitin Adre, inda ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa ke aiki, ya karɓi masu rauni fiye da 800. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a Junaina a shekarar. Zuwa ƙarshen 2024 waɗanda suka tsallako Chadi sun haura 700,000, ban da kusan 400,000 da suke nan tun yaƙin farko. Kusan tara cikin goma mata ne da yara. Ba sai an gaya maka ba. Ka waiwaya ko'ina, lafaya ce ja da shuɗiya da rawaya, maza kuwa ɗai-ɗai, yawancinsu tsofaffi.

Madam ta haɗa ni da tafinta, wata budurwa da yaƙi ya katse wa karatun jami'a, tana jin Masalit da Larabci da Turanci. Ita ta kai ni wurin Shaiha.

Kowace unguwa a zangon tana da shaihinta, namiji, wanda ke magana da hukuma. Unguwanni da dama kuma suna da shaiha, wadda mata suka zaɓa. Wannan da aka kai ni wurinta ta doshi sittin, gajera ce, muryarta a dishe. Hatsi take sayarwa a kasuwar Junaina kafin yaƙi. Na tambayi yadda aka zaɓe ta, tafinta ta ce mata uku aka tsayar a fili, kowa ta je ta tsaya a bayan wadda take so, layin Shaiha sai da ya lanƙwasa.

Ba ta karatu, ba ta rubutu. Amma tana da littafi. Irin na 'yan makaranta ne, bangonsa ya yi laushi don yawan riƙo, a nannaɗe cikin leda, a ƙulle a haɓar lafayarta. Jikanyarta mai shekara goma sha uku ke rubutawa, ita tana faɗa. Ta buɗe mini a kan tabarma. Kowace bukka tana da layinta: sunan uwar gida, mutum nawa ke kwana a ciki, sannan alamomin da Shaiha ta ƙirƙiro don ta iya dubawa da kanta. Da'ira, mai ciki ce. Da'ira da ɗigo a tsakiya, ta kusa haihuwa. Sanda, tsoho ne ko tsohuwa da ba su da kowa. Ƙaramin gicciye, yaron da aka tsinta a hanya wata ta ɗauka tana riƙo. Daga nan ta juya littafin ta buɗe shi ta baya. Can ma sunaye ne, shafi bayan shafi, babu alama ko ɗaya.

"Waɗannan fa, Hajiya?"

"Waɗanda ba su iso ba ne, 'yata. Na gaba muna ciyar da su, na baya muna nemansu."

Idan ma'aikatan Red Cross masu haɗa iyalan da suka rabu suka zo, ta bayan take buɗe musu. Ta nuna mini wurare biyu da aka ja layi a kan suna: an same su da rai a wani sansani.

Kwana huɗu na yi ina binta. Kafin alfijir tana bakin famfo, inda jarkoki suka yi layi tun dare, kowace an ɗora mata dutse ko an ɗaura mata ƙyalle don shaida. Ruwan ba ya isa, kuma inda ruwa bai isa ba faɗa ba ya nisa. Ƙa'idarta ɗaya ce: masu jego da masu sanda a littafi su fara. Na ga wata matashiya ta tayar da jijiyar wuya, ta ce ita ma tana da yara. Shaiha ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki jarkarta ta kanta daga tsakiyar layi ta kai ƙarshe, ta dawo ta tsaya. Matashiyar ta yi shiru.

A farkon 2024 ciwon hanta nau'in E ya ɓulla a Adre da sansanonin kusa. Gurɓataccen ruwa ke kawo shi, kuma ya fi yi wa masu ciki illa. Tun daga lokacin Shaiha ta ɗauki ɗabi'ar duk mai da'ira da ta gamu da ita sai ta kama haɓarta ta juya fuskarta wajen haske ta duba farin idonta. In ta ga ya yi rawaya, babu sai gobe, a ranar za a tafi asibiti.

Sai maganar itace. Abincin da ake rabawa ɗanye ne, dole a dafa, itacen kusa kuma ya ƙare, sai an yi tafiyar sa'o'i. A wannan tafiya ake tare mata. Shaiha ta hana kowa fita ita kaɗai. Ƙungiya-ƙungiya suke tafiya, tana ƙirga su in za su fita, tana ƙirga su in sun dawo. Duk da haka abin yana faruwa, kuma da yawa sun taho da nasu raunin tun daga Junaina. Ta san cewa maganin da ke kare mace daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin sa'a 72. Ta kuma san cewa babu yarinyar da za ta yarda a gan ta tana shiga ɗakin da kowa ya san na mene ne. Don haka sai ta saɓa wani jariri ta ce za ta kai shi awo, ta ce wa yarinyar ta rako ta. Wannan dabarar ba a wani taron bita ta koye ta ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ba zan ce kowa na yabonta ba. Wanda ke riƙe da jerin sunaye a wurin da kaya ba sa isa, zargi ba ya barinsa. Ranar da na cika kwana uku aka zo rabon tamfol, wasu suka fara gunaguni wai ta cusa danginta. Ta sa aka tara matan unguwar, ta ce jikanyarta ta karanta littafin da ƙarfi, suna bayan suna, duk wadda aka kira ta amsa. An fi sa'a ana yi, rana na dukan mutane. Aka gano gida ɗaya an rubuta shi sau biyu, da sunan uwargida da na amarya, alhali bukka ɗaya suke kwana. Ba danginta ba ne. Ta ce a soke ɗaya, ta ce kuskurenta ne, ta nemi afuwa. Da yamma na raka ta gida, na ga rufin bukkarta buhunan hatsi ne da aka farke aka ɗinke.

Ungozomar kuwa a ƙaramin asibitin sha-ka-tafi na gefen zangon na same ta. Ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a Junaina. Ranar 15 ga Yuni ta fito da 'ya'yanta da kayan jikinta. Takardun shaidar karatunta suna cikin gidan da aka ƙone. A nan sunanta 'yar sa-kai, abin da ake ba ta a wata kuma ba a kiransa albashi, alawus ne, bai kama ƙafar na abokan aikinta ba. Dokar ba da mafaka da Chadi ta kafa a 2020 ta bai wa ɗan gudun hijira damar yin aiki, amma sai da takarda ake ɗaukar ungozoma, takarda kuma ta zama toka.

Na nemi izini na kwana a asibitin dare ɗaya. Wajen ƙarfe biyu aka kawo wata a amalanken jaki, naƙuda ta yi nisa, Shaihar unguwarsu na gefe riƙe da tocila. Haihuwar ba ta ba da wuya ba, namiji, ya canyara kuka. Sai jini ya ɓalle. Na ga fuskar matashin ma'aikacin jinyar da ke kan aiki ta canza. Ungozomar ba ta ɗago kai ba. Hannunta ɗaya na kan marar matar tana murzawa da ƙarfi don mahaifa ta tsuke, bakinta na ba da umarni a taƙaice: allura, ƙarin ruwa, ɗaga ƙafafu, haske nan. Fitilar sola ta fara dusashewa, ta ce da ni, "'Yar'uwa, kunna wayarki." Na tsaya ina haska mata, hannuna na rawa. Ta duba mabiyiya a cikin tasa, ta jujjuya ta a hankali har ta tabbatar babu guntun da ya rage a ciki. Kowa a ɗakin ita yake kallo, har wanda sunansa ke rubuce a allo a matsayin shugaban dare. A hankali jinin ya tsaya. Ta wanke hannu, ta gyara wa matar ɗankwali, ta yi mata barka da harshensu. Da asuba ta yi salla a bayan ɗakin, ta ɗauki jarkarta da ta ajiye a bakin ƙofa, ta tafi bin layin ruwa.

Na sake ciro fom a wannan safiya, na sake mayarwa.

Ana jibi zan tafi Madam ta shigar da ni taron da ƙungiyoyin agaji ke yi don daidaita ayyukansu. Ɗaki ne mai fanka, da majigi, ana magana da Faransanci ana surkawa da Turanci. Akwai mata a ciki, wasunsu ma shugabannin ofisoshi ne, amma babu 'yar gudun hijira ko ɗaya. Abin da aka daɗe a kai shi ne ban-ɗakunan da aka gina a wani ɓangare, waɗanda mata ba sa shiga. Wani ya kawo shawarar a yi bincike a gano dalili, aka fara lissafin makonnin da zai ɗauka. Raina ya ɓaci, domin na ji dalilin tun ranar da na fara zama a tabarmar Shaiha: an gina su can gefe inda babu haske, ƙofofin ba su da sakata ta ciki, na maza da na mata kuma suna kallon juna. Madam ta ɗaga hannu ta faɗi haka, ta ƙara da cewa matan sun sha faɗa wa duk wanda ya zo. Aka rubuta, aka gode mata, aka wuce batu na gaba.

Ba mugaye ba ne mutanen ɗakin nan. Na ga gajiya a idonsu, na san wasu sun yi watanni ba su ga iyalinsu ba, kuma kuɗin da ake samu bai taɓa kai abin da ake nema ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Amma ƙarancin kuɗi bai hana a sa kujera ɗaya da tafinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga mai ɗakin nan a bayan katanga, tafiyar minti ashirin, da littafinta a haɓar lafaya. Tun a shekarar 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya nemi a riƙa damawa da mata a sha'anin rikici da zaman lafiya. A 2016 kuma, a babban taron jinƙai na duniya da aka yi a Santambul, manyan masu ba da tallafi suka yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko kusa ba. Madam ta nuna mini yadda abin yake a wajenta: kwangilar wata uku ko wata shida, daga hannun babbar ƙungiya da ta karɓo daga wata babbar, an ware kuɗin sabulu da na tabarma amma babu na hayar ofis ko albashin akawu. Kowane ƙarshen kwangila sai ta sallami ma'aikatanta, ta roƙe su kada su yi nisa.

A daren muka zauna a tsakar masauki, janareta ya mutu, sanyin hunturu ya sauko. Na ce mata ai yanzu mata sun hau sama a wannan aiki. Mirjana Spoljaric ce shugabar kwamitin Red Cross na duniya tun 2022, mace ta farko a tarihinsa. Amy Pope ta karɓi hukumar ƙaura ta duniya a 2023, ita ma ta farko. Cindy McCain na riƙe da hukumar abinci ta duniya a lokacin. Ko wata biyu ba a yi ba da aka ba da lambar yabo ta Nansen ta 2024, wadda ake bai wa masu taimakon 'yan gudun hijira, kuma duka biyar ɗin da suka samu mata ne, ciki har da Maimouna Ba ta Burkina Faso da Nada Fadol, 'yar Sudan da ke taimakon 'yan'uwanta a Masar. Madam ta ce ta ji, kuma ta yi murna har zuciya. Ta ce wadda ta fi burge ta a cikin manyan ita ce Sadako Ogata, 'yar Japan da ta shugabanci hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR daga 1991 zuwa 2000. Ba ta daɗe da kama aiki ba Kurdawan Iraƙi suka maƙale a kan duwatsu, Turkiyya ta rufe musu iyaka. A ƙa'ida wanda bai tsallake iyakar ƙasarsa ba bai zama ɗan gudun hijira ba, don haka ba hurumin hukumar ba ne. Ogata ta ce a je a taimake su a inda suke. Madam ta ce, "Ta dubi mutane kafin ta dubi takarda."

Ni kuma na kawo mata Dakta Hawa Abdi ta Somaliya. A 1983 ta buɗe asibiti mai ɗaki ɗaya a gonar gidansu kusa da Afgoye. Da ƙasar ta wargaje a 1991 mutane suka riƙa zuwa suna kafa bukkoki a gonar, ba ta kori kowa ba, har suka kai wajen 90,000. Dokokinta biyu: ba a maganar ƙabila, kuma namiji ba ya dukan matarsa. A 2010 'yan bindiga suka mamaye wurin suka tsare ta, suna ganin bai dace mace ta riƙe irin wannan wuri ba. Ta ƙi sauka, matan sansanin suka fito suka tsaya mata, da maharan suka janye kuma ta ce sai sun ba ta haƙuri a rubuce, suka rubuta. Ta rasu a 2020. Allah ya jiƙanta.

Madam ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce irin su Hawa Abdi suna nan da yawa a bayan katangar can, bambancin kawai ita tana da gona da takardar likita. Na yarda da ita. Na ji daɗin matan da suka kai manyan ofisoshin hukumomin nan a Jeniba da Roma, kuma ina fata su ƙaru. Sai dai hawan mace ɗaya kujerar sama bai sa an sa sakata a ƙofar ban-ɗaki ba. Abin da zai sa shi ne a kira wadda ta san wurin tun ana zana taswira, a saurare ta da harshenta, a biya ta kuɗin aikinta da sunansa na albashi, a kuma nemo hanyar gwada ungozomar da takardunta suka ƙone a ba ta wasu. Cikin fom ɗari da na zo da su, fiye da ashirin na mayar ban sa alama a samansu ba. A gefen kowanne na rubuta da biro aikin da matar take yi, haka kuma na miƙa su.

Ranar tafiyata na je yi wa Shaiha sallama ban same ta a gida ba. Aka ce tana bakin hanya, wajen da amalanken doki ke sauke masu tsallakowa. Ana ta kwashe mutane daga Adre zuwa sababbin sansanoni irin su Meche da Abutenge da Arkum, amma kullum wasu na shigowa. Na hango ta tsaye da jikanyarta. Amalanke ya tsaya, a kansa katifa ɗaya da tukunya da buhu, da wata mata da yara uku, ƙura ta rufe musu gira. Shaiha ta kama hannun matar ta sauko da ita, ta miƙa wa yaran ruwa, ta bari sai da suka sha suka ƙoshi. Sannan ta kwance haɓar lafaya ta ciro ledar.

"Sannu da hanya, 'yata. Ku nawa ne?"

Matar ta ce su bakwai ne. Ta waiwaya ta dubi yaran, ta daɗe tana dubansu. Ta ce su huɗu.

Shaiha ta ce wa jikanyarta ta rubuta huɗu. Yarinyar ta rubuta, ta juya littafin ta baya, ta lalubo inda aka tsaya, ta ɗora bakin biro a kan layi tana jira. Direbanmu ya danna ham sau biyu. Na taɓa kafaɗar Shaiha na ce na tafi, ta ɗaga mini hannu ba ta juyo ba, kunnenta na wajen matar da ta fara faɗin suna na farko.